Laftof 3, yara 38: ta ina zan fara koya musu kodin?

Malamar Aji Biyar:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Shawara nake nema, ku yi haƙuri in na ja zance.

Ina koyarwa a wata ƙaramar firamare mai zaman kanta a Zariya, shekara bakwai ke nan. Lissafi ne darasina, amma da malamin kwamfuta ya samu wani aiki ya tafi sai aka ɗora mini nasa, don kawai an ga ni nake shigar da makin jarrabawa a Excel. Farkon zangon nan mai makaranta ya tara mu ya ce daga yanzu 'yan aji 4 zuwa 6 za su riƙa koyon kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, har ma an riga an buga a takardar talla. Kuma Python yake so, wani harshen kodin, don shi ya ji ana yayi.

Abin da ke hannuna: laftof 3, ɗaya batirinta ya mutu sai an jona wuta. Yara 38 a aji 5. Minti 40 a mako, ranar Laraba bayan an dawo tara. Wuta kun san halinta, janareta kuwa sai lokacin buga takardun jarrabawa ake tayar da shi.

Makon jiya na gwada. Na rubuta layi uku na Python a allo, suka kwafe tsaf. Na tambayi wani yaro me layin farko yake yi, ya miƙe ya harɗe hannu ya karanto mini shi da ka, har da baka da waƙafi. Na yi dariya, daga baya jikina ya yi sanyi. Ba laifinsa ba ne, mu muka saba musu da "zana kwamfuta ka rubuta sunan sassanta biyar".

To ta ina ake farawa? Ko in fito fili in gaya wa mai makaranta abin ba zai yiwu ba?

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam 'yata. Zai yiwu, amma ki rufe laftof ɗin nan tukuna na mako uku.

Ki shiga aji da kofi, da cokali, da ganyen shayi, da sukari, da ruwa a buta. Ki ce musu yau ke ce kwamfuta, ba ki san komai ba sai abin da aka umarce ki, su haɗa miki shayi da baki. Wani zai ce "zuba ruwa". Ki ɗaga butar ki tsiyaya a ƙasa, ai bai ce a kofi ba. Wani zai ce "sa sukari", ki ɗora ledar gaba ɗaya a kan kofin. Ajin zai kaure da ihu, ki bar su. A cikin ihun nan za su gane da kansu cewa umarni sai ya fito dalla-dalla kuma bi da bi, kuma in abu ya lalace a koma a nemo matakin da aka yi kuskure. Rabin kodin ke nan.

Mako na biyu ku fita fili. Ki sa 'yan mata su zana gidaje a ƙasa kamar za su yi 'yar gala-gala, amma shida-shida. A ajiye takalmi a wani gida, a tsai da yaro a wani, sauran su rubuta masa hanya da umarni uku kacal: gaba, juya dama, juya hagu. Idan sun gaji da rubuta "gaba, gaba, gaba, gaba", wani mai wayo zai tambaya ko zai iya rubuta "gaba sau 4". Ranar nan ki ba shi alawa, ya gano maimaitawa ba tare da kin faɗa ba.

Wannan ba dabarata ba ce. Tun 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa a Amurka suka ƙirƙiro Logo don yara, inda ake ba wani kunkuru umarni ya yi gaba ya juya yana zane. Papert yakan sa yaro ya taka siffar da ƙafarsa kafin ya umarci kunkurun. Akwai kuma tarin wasanni da ake kira CS Unplugged, daga su Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand, duka ba kwamfuta ake yin su, kuma kyauta ne.

Ki yi duk wannan da Hausa. Turancin zai biyo baya.

Baban Ummi:

Ni dai uba ne, ba malami ba, amma bari in faɗi gaskiyata. 'Yata tana aji 4, har yau in na miƙa mata jarida sai ta riƙa ƙirga baƙaƙe da yatsa. Makarantarsu ta ƙara mana kuɗi da sunan kodin, ban ga komai ba sai sabon littafi da aka tilasta mana saye. Ana ta cewa Ingila ta sa shi a manhajar karatu tun 2014, daga 'yan shekara biyar. To su ai ba sa jiran a kawo wuta. A fara koya wa yaro karatu da jadawalin sau, sauran kwalliya ce. Malama ba da ke nake ba, ke ma ɗora miki aka yi.

Injiniya Ɗan Funtuwa:

Baban Ummi, maganarka kan kuɗi tana kan hanya. Amma yaron da ya rubuta "gaba sau 4" ai jadawalin sau yake yi, bai dai sani ba.

Malama, rubuta manhaja ne sana'ata, kuma da Python nake cin abinci, amma ba zan ba ɗan shekara tara shi ba. Yaron da bai san inda baƙaƙe suke a kibod ba zai ƙare minti 40 yana neman alama ɗaya, in ya manta ta kuma sai jan rubutu da Turancin da ba ya ji. Ki nemi Scratch. Rukunin Mitchel Resnick ne suka yi shi a jami'ar MIT ta Amurka, ya fito 2007, don 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma jikan Logo ɗin da Tsohon Malami ya ambata ne. Ba a buga umarni, tubala ne masu launi ake jawowa da linzami a harhaɗa, a danna koriyar tuta, wata kyanwa ta aikata. Kyauta ne, akwai wanda ake saukewa sau ɗaya ya yi aiki ba intanet, sai ki kwafa a filash ki sa wa sauran biyun. In kin danna alamar duniya a sama za ki ga Hausa a jerin harsuna.

Kada ki tara yara 12 kan laftof ɗaya, ƙarfafa biyu ne za su mamaye. Uku-uku, minti 20, ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na karanto abin da suka tsara a takarda, ɗaya na duba kuskure. Kowa zai taɓa cikin mako uku. Sharaɗi: ba mai zama gaban laftof sai da tsarinsa a rubuce.

Malamar Aji Biyar:

Na dawo da labari bayan mako biyar. Allah ya saka da alheri, Baba. Shayin nan ya jiƙa mini takalmi, kuma hedimasta ya leƙo don ya zaci faɗa ake.

Jiya muka kunna alƙalamin Scratch, wanda ke sa kyanwar ta ja layi duk inda ta bi. Murabba'i bai ba su wuya ba: maimaita sau 4, tafi taku 100, juya digiri 90. Sai na ce su yi alwatika mai gefe daidai. Duk suka sa sau 3 da digiri 60, domin ni da bakina na koya musu cewa kowace kusurwarta 60 ce. Kyanwa ta zana wani abu baki buɗe, ya ƙi rufewa. Wallahi ni ma na tsaya ina kallo, ban gane ba nan take.

Akwai wata yarinya da ke zama can baya, ba ta cika magana ba. Ta nemi izini ta fita fili, ta zana alwatika da tsinke, ta taka ta a hankali tana juyawa a kowace kusurwa. Ta dawo ta ce, "Anti, in na gama zagayawa ina komawa in kalli inda na fara kallo. Ashe juyi ɗaya cikakke ne, 360 za a raba uku." Ta sa 120, ta rufe. Kafin a kaɗa ƙararrawa wasu sun raba 360 da biyar, wasu da takwas, wani ya sa sau 36 da digiri 10 ya kira ni in zo in ga da'ira. Baban Ummi, raba lamba ne suka yi da kansu, ba wanda ya ɗaga bulala.

Saura matsala ɗaya. Mai makaranta ya shigo ya ga kyanwa a allon laftof, ya ce shi ba katun ya yi wa iyaye alkawari ba. Ya ba ni zuwa ranar taron iyaye da malamai in nuna Python. Injiniya, akwai yadda za a zana alwatikar nan da Python a layi huɗu ko biyar, yadda yarinyar za ta iya bayani da bakinta?

Injiniya Ɗan Funtuwa:

Akwai. Python yana zuwa da nasa kunkurun, turtle sunansa, in dai akwai Python a laftof ɗin ba sai kin sauke wani abu ba. Layi huɗu ne, kuma 120 ɗinta na nan yadda ta samo shi. Zan turo miki bayan Isha'i. Ki yi cajin laftof biyun tun daren taron.