Mutanen Jamus don Allah haka zaman yake, ko ni kaɗai ake yi wa?

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne daga Kano, na zo karatun digiri na biyu a wani gari kusa da Stuttgart, ko shekara ban cika ba. Kafin in taho kowa da sanyi yake tsorata ni, to sanyin kam akwai shi, amma wallahi ba shi ya dame ni ba, abin da ya dame ni takardu ne da kuma shiru.

Ran Lahadi da ta wuce na sa kaya a injin wanki da hantsi, washegari na tarar da takarda manne a ƙofata ba suna ba komai, wai a gidan nan ba a wanki ran Lahadi. Mutumin da ya rubuta na tabbata muna haɗuwa a matakala kullum, me zai hana ya ƙwanƙwasa ya gaya min baki da baki? Kafin wannan an rataya min wani ɗan allo a ƙofa wai Kehrwoche, makona ne na share matakala da bakin titi. Sai kuma wasiƙa ta zo wai in biya kuɗin rediyo da talabijin, alhali ni ba ni da ko ɗaya. Ran Lahadi kuma gari tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ko gishiri ya ƙare maka sai Litinin.

Don Allah waɗanda suka daɗe, haka ake yi wa kowa ko don ni baƙar fata ne? Kuma wasiƙar rediyon nan in na share ta akwai matsala?

Maman Khalifa

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da baƙunta, Allah ya ba da abin da aka zo nema. Fara da wasiƙar nan, kar ka kuskura ka share ta. Kuɗin nan kan gida yake ba kan akwatin talabijin ba, Yuro 18.36 ne a wata tun 2021, yawanci ana biya duk wata uku 55.08, kuma daga watan da ka shiga gidan suke fara lissafi, in ka yi shiru taruwa yake yi har da tara a kai. In gidan haɗaka kuke da wasu ɗalibai to mutum ɗaya ne zai biya, sai ka karɓi lambarsa ta biyan kuɗin rediyon ka aika musu ka ce an riga ana biya wa gidan, ku raba kuɗin tsakaninku. Sun san da kai ne saboda rajistar adireshi da ka yi, Anmeldung ɗin nan da ake yi cikin kwana 14 da tarewa.

Takardar ƙofa kuma wallahi junansu ma haka suke yi wa, maƙwabciyata Bajamushiya ce tsohuwa an taɓa manna mata saboda karenta. A ganinsu takarda ta fi ladabi, ba a sa ka jin kunya ido da ido ba. Ni har yau abin bai kwanta min ba, don a gida in maƙwabci ya rubuto maka wasiƙa ai an kai maƙura ke nan. Amma ka duba dokokin gidan da suka ba ka tare da takardar haya, ko a manne a ƙasan bene, don wankin Lahadi ba ko'ina aka hana ba, gida gida ne. Abin da kowa ya yarda da shi, daga 10 na dare zuwa 6 na safe ba hayaniya, ran Lahadi ba huda bango ba yankan ciyawa da inji, kuma kar ka kai kwalabe wurin zubar da su, ƙararsu ma laifi ce. Sharar matakalar kuwa al'adar yankinku ce, mutanen wajen Stuttgart sun shahara da ita, mu nan arewacin Jamus ba mu cika ganinta ba.

Ni abin da ya fi ci min rai shi ne komai sai da Termin, wato sai an ba ka rana da lokacin da za ka zo. Likita Termin, ofishin baƙi Termin, banki Termin, har ƙawa in za ki je gidanta sai kun duba kalanda mako biyu gaba. Da na haihu a nan na zauna ni da jariri a ɗaki, ba mai shigowa barka, ba mai dafa ruwan wanka, ba kunun kanwa, mai gidan ya tafi aiki, in tuna yadda gidanmu a Kaduna yake cika ranar suna sai hawaye. Ungozoma na zuwa gida ta duba mu, inshora ke biya, kuma gaskiya tana da kirki sosai, amma ita ma da agogonta take zuwa. Yara kuma in sun shiga makaranta ba ka isa ka ɗauke su kwana biyu kafin hutu don tikitin jirgi ya fi araha ba, tara za a ci ka. In abinci ya yanke maka ran Lahadi je babbar tashar jirgin ƙasa ko gidan mai, suna buɗewa, sai dai tsada.

Zango Boy Hamburg

Hajiya ta faɗi gaskiya amma ni ba zan ce maka duka al'ada ce ba ɗan uwa, kar ka bari a ce maka babu wariya. Ni daga Kumasi nake, na daɗe a Hamburg, nan mutanen Gana muna da yawa. Takardar ƙofa ba komai ba ce, jira ranar da za ka nemi gida. Ka kira a waya a ce akwai ɗaki, ka faɗi sunanka ko ka je su gan ka sai a ce an riga an bayar, abokin aikinka Bajamushe ya kira bayan awa ɗaya a ce ya zo ya duba. Akwai dokar hana wariya tun 2006 amma ta yaya za ka kawo shaida. A jirgin ƙasa kujerar kusa da kai ita ce ta ƙarshe da za a zauna. Wannan ba ka saba da shi, kana dai haƙuri ne.

Kuma in ka samu gidan ga wani abin mamaki, ka shiga ka tarar kicin wayam, ba murhu ba wurin wanke-wanke ba kabad, bututu ne kawai a bango, wanda ya tashi ya kwashe nasa ya tafi da shi, wani lokaci har fitilun sama, wayoyi ne ke lilo. Ga kuɗin ajiya da zai iya kai hayar wata uku, ga takardar Schufa da ke nuna ba ka da bashi, kai da ka zo jiya ina ka ga tarihin bashi. Sai ƙofa, in ta rufe maka kana waje mabuɗi na ciki shi ke nan, ba ta buɗuwa ta waje, mai gyaran makulli in dare ne ko Lahadi abin da zai caje ka sai ka riƙe baki. Ka ajiye mabuɗi ɗaya wurin wanda ka yarda da shi tun yau. Ka kuma tabbata sunanka na jikin akwatin wasiƙa daidai yadda yake a fasfo, nan da suna ake kai wasiƙa ba da lambar ɗaki ba, in ba suna komawa take yi, kuma katin banki da lambar haraji da takardar biza duk ta nan suke zuwa.

Bamaraɗe

Salamu alaikum. Ni shara ce ta wahalshe ni da na zo, takarda daban, roba da gwangwani cikin jaka mai ruwan ɗorawa, ɓawon kayan miya daban, sauran tarkace daban, kwalba kuma sai ka raba fara da kore da ruwan ƙasa. Amma gorar ruwa da gwangwanin lemo kada ka zubar, yawanci akwai santi 25 a kan kowanne, ka maida cikin injin kanti ya ba ka takardar kuɗinka. In za ka sayi ruwa ka karanta da kyau, rabin abin da ke kanti mai gas ne.

Abin da ban ji an ambata ba shi ne ibada. Bayi babu buta babu famfo kusa, a wurin aiki sai ka shiga da gora a ɓoye, alwala kuma in ka ɗaga ƙafa cikin wurin wanke hannu ana kallonka. Watan Disamba rana na faɗuwa wajen 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba duk suna riskarka a wurin aiki, ka fita da duhu ka dawo da duhu, wannan yana taɓa zuciya ƙwarai, kada ka raina shi, ka nemi mutane ka riƙa fita. Da zafi kuma akasin haka, azumin 2016 da ya faɗo a Yuni mun yi wajen awa 18 muna ɗauke da baki, ka sha ruwa kusan 10 na dare ka yi tarawi sai ga sahur. Ba ka jin kiran salla, waya ce ladaninka. Layya ba ka yanka a gida, doka ta hana, yawancinmu kuɗin muke aikawa Maraɗi a yanka a raba. Ka nemi masallacin Turkawa ko na Larabawa kusa da kai, a nan za ka san shagon naman halal, kuma a nan ne za ka samu wanda zai ce maka ina kwana da gaske.

Ɗan Kurna

Na gode ƙwarai Hajiya, na gode yayyena, Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Mu huɗu ne a gidan, zan tambaye su lambar kuɗin rediyon yau da dare. Ƙarin tambaya ɗaya, wani ɗan ajinmu zai dawo daga gida wata mai zuwa, Umma na so ta ba shi kilishi da daddawa da kuka da yaji ya kawo min, ana bari?

Maman Khalifa

Kilishi a'a, ka gaya wa Umma ta bar shi, da dambun nama da man shanu duka. Nama da kayan madara daga wajen Tarayyar Turai an hana shigo da su ko da guzurin mutum ne, in kwastan suka buɗe jaka za su ƙwace su zubar kuma suna iya cin yaron mutane tara. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa ni ina zuwa da su daidai na ci, a daka su a ɗaure da kyau cikin leda biyu uku a rubuta sunan kowanne a jiki, daddawar ma a sa ta cikin roba mai murfi saboda wari. In za ka yi miyar kuma ka buɗe taga ka rufe ƙofar kicin, musamman da yake gidan haɗaka ne. Garin tuwo kar ya wahalar da kansa, shagunan 'yan Afirka na da semo da garin masara da manja, Stuttgart ma akwai su, ka tambayi 'yan Gana ko 'yan Kamaru na makarantarku za su nuna maka.