Ɗawisu Ce, ko Shi ne Mai Ji da Kai?

Ɗan Ƙofar Soro: Salamu alaikum. Jiya a wajen kamu na ji wata waƙar bege. Saurayi ya je zance sau 7, kullum sai ƙanwa ta fito ta ce Yaya na gaban madubi. A baitin ƙarshe ya kira ta ɗawisu. Abin ya tsaya mini a rai. Amsa-amonmu yau "ba".

Sau bakwai ya tako har ƙofar gida,
Ko tabarma ba a shimfiɗa mai ba.
Tana ɗaki tana ta rambaɗa kwalli,
Shi yana zaure, hunturu bai bar shi ba.
Son maso wani ƙoshin wahala ne,
Amma yanga irin tata ban gani ba.

'Yar Kusugu, daga Daura:

Yaya, koma ka ji baitin tsakiya,
Inda ya ƙirga toshi bai rage ba:
Turmi biyu na atamfa, turare, sabulu,
Har kuɗin mota bai yafe ba.
Bayajidda ya sare maciji da dare,
Ya kwana gidan Ayana, bai yi shela ba.
Sai da Daurama ta nemi mai aikin
Ya fito da kai, bai yi gori ba.

Malam na Gobarau:

Ɗiyata, kin taɓo wurin ciwon,
Na ƙirga "ni" a waƙar ban gama ba.
Ni mai kyau, ni ɗan gidan wane,
Me take so, ko sau ɗaya bai tambaya ba.
Madubinta gilashi ne a bango,
Nasa waƙar ce, bai ankara ba.

Inna ta Ƙofar Marusa:

Ku yara, Katsina ɗakin kara ce,
Kunya gare mu, ba dai tsoro ba.
Aiken ƙanwa amsa ce cikakkiya,
Ta rufa masa asiri, bai gane ba.

Ɗan Ƙofar Soro:

Inna, Malam, na ji, na kuma karɓa,
Sai dai zauren nan ban manta shi ba.
Ni ma na tsaya, ƙanwa ta fito mini,
Ban ƙirga toshi ba, ban yi waƙa ba.
Har yau in na bi layinsu a mashin,
Ba na wucewa ban rage gudu ba.