Wa ya taɓa yi wa bim riga da kankare mai zaren ƙarfe?

Mai gida, Barnawa:
Assalamu alaikum. Bim ɗin falona ya tsage a karkace, kusa da pila. Injiniya ya ce ba sai an rushe ba, riga za a yi masa, wato a lulluɓe shi da sabon kankare mai zaren ƙarfe (wanda aka cuɗa da guntayen siraran wayoyin ƙarfe). Don Allah wanda ya taɓa gani ya ba ni labari, iyalina ne a ƙarƙashin dakin (rufin kankare) da bim ɗin ke ɗauke da shi.

Birkila, Rigasa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mun yi irinsa a wani shago a Kawo. Sai da aka tokare dakin da ƙarafa kafin mu taɓa komai. Muka fasa filasta, muka sassaƙe tsohon kankaren har tsakuwa ta fito, muka wanke ƙura, muka jiƙa shi. In aka bar fuskar sumul, sabon ba zai kama ba. Wahalar tana wurin kwaɓi. Yaron da ke kan inji ya juye buhun zaren gaba ɗaya, ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu, dole aka zubar. Barbaɗa shi ake yi kaɗan-kaɗan. A sa safar hannu kuma, zaren yana sukar hannu.

Injiniya, Malali:
Alhaji, irin wannan tsagar ta fi ta tsakiyar bim tayar mini da hankali, domin bim ɗin na iya karyewa farat ɗaya. Galibi ringi, wato zobban ƙarfe da ke kewaye rodin cikin bim, su ne suka yi kaɗan ko suka yi nisa da juna. Zaren yana riƙe bakin tsaga kada ta buɗe, kuma yawanci kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari na kankaren ake sawa. Amma ba ya maye gurbin rodi. A wani aiki a Kakuri sai da muka huda, muka dasa sababbin ringi da gam ɗin ifoksi, sannan aka zuba rigar. Ka tambayi irin zaren ma: na roba tsagar bushewa yake ragewa, ba zai ɗauke maka nauyin dakin ba.

Ɗan kwangila, Tudun Wada:
Namu da hunturu muka yi. Rigar siririya ce, iskar nan nan take take shanye ruwanta. Jiƙaƙƙun buhuna muka naɗa mata, ana ba ta ruwa safe da yamma har kwana 7. Mai ginin ya matsa a cire tokara saboda masu haya, na ƙi sai da aka cika kwana 28. Alhaji, tun yau a tokare bim ɗin, yara su bar kwana a falon.