Idanun saƙata suna ƙaruwa da kansu, kuma bakinta yana naɗewa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Na fara koyon saƙar tsinke biyu, burina in yi wa jaririn da ƙanwata za ta haifa hula kafin hunturu ya kama. Ina amfani da tsinke mai lamba 3 da baƙin ulu siriri na kasuwa. Na ɗora ido 30 (madaukan zaren da ke kan tsinke), kafin in yi layi goma sun zama 37. Ga ramuka nan da can, ga tsinken da ƙyar yake shiga ido, bakin saƙar kuma sai naɗewa yake kamar tabarma. Ina kuskuren yake? Ko in haƙura in koma ƙwarashi?

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Tun daga kayan aiki aka samu matsala. Baƙin ulu ba na mai koyo ba ne, domin ba kya ganin siffar ido, balle ki gane inda kika kauce. Ki nemi mai haske, ruwan madara ko shuɗi mai haske, mai matsakaicin kauri, wanda ba shi da gashi-gashi. Ki duba takardar da aka naɗe ƙullin da ita: in an rubuta 4mm, shi ne lambar tsinken da ya dace da shi, kuma irin wannan yakan ba da kusan ido 22 a faɗin santimita 10. In siririn nan kaɗai kika samu, ki haɗa zare biyu ki saƙa su tare da tsinke 4 ko 4.5, sai dai ki kula tsinken ya riƙa ɗaukar duka biyun. Na gora ko na katako ya fi na ƙarfe riƙe ido, na ƙarfe santsi gare shi.

Hular ki ajiye ta tukuna. Ki ɗora ido 20, ki yi ta saƙar gaba zalla kowane layi har ki samu murabba'i kamar tafin hannu. Ƙarshen kowane layi ki ƙirga. In ba 20 ba ne, kuskuren yana cikin layin da kika gama yanzu, ba sai kin warware duka ba.

Hajiya Talatu:
Ƙaruwar ido da ramuka yawanci daga dalili huɗu ne, kuma ina zargin na farko ne ya fi cin ki.

In kika juya saƙa za ki fara sabon layi, zaren yana rataye a bakin ido na farko. In kika ja shi sama ta bayan tsinke, idon da ke ƙasa yakan miƙe ya hau kan tsinken, ƙafafunsa biyu su zama kamar ido biyu. Sai ki saƙa su duka, kin ƙara ɗaya ke nan ba ki sani ba. Maganinsa: kafin ki fara layi, ki sauko da zaren ƙasa, ki ga idon farko ya zauna shi kaɗai da ɗan ƙullinsa a ƙarƙashi, sannan ki kai zaren baya ta ƙarƙashin tsinke.

Na biyu shi ne mai kawo rami. Saƙar gaba zare yana baya, saƙar baya zare yana gaba. In za ki sauya, ta tsakanin tsinkayen biyu zaren zai bi. Ya bi ta saman tsinken dama, ya zama sabon ido, ƙarƙashinsa kuma rami. Na uku, tsinin tsinke ya tsaga ulun gida biyu. Na huɗu, ki ajiye saƙa a tsakiyar layi ki tashi duba tukunya, ki dawo ki ɗauka ta inda ba nan ba, ki koma baya. Alamar da za ki riƙe: a tsakiyar layi, tsinken da zaren ƙulli yake fitowa daga jikinsa shi ne na hannun dama.

Ummu Sadik:
Ni dai a ganina ta fara da ƙwarashi. Ido ɗaya ne a kan ƙugiya, ba abin da zai zube mata, kuma hula tana saurin tashi.

Hajiya Talatu:
Ummu Sadik, gaskiya ne ya fi sauri, amma saƙar ƙwarashi ba ta miƙewa kamar ta tsinke, kuma ta fi kauri da cin ulu. Kan jariri ya fi son abu mai laushi da ke buɗewa ya koma. Tunda ta riga ta iya ɗora ido da saƙar gaba da ta baya, saura kaɗan. Amma ta sayi ƙwarashin, zai yi mata amfani: in ido ya zame ya gangara ya bar zaruruwa kamar matakala, ta sa ƙugiyar cikin idon ta fuskar gaba, ta jawo zaren da ke samansa ta ciki, ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa, har ta mayar da shi kan tsinke.

Maman Ilham:
Wallahi Hajiya kamar kina kallona, idon farkon nan kullum biyu nake ganinsa. To tsaurin da naɗewar fa?

Anti Rabi:
Tsauri daga abu biyu ne. Kina yin ido a kan tsinin tsinke, inda ya fi siranta, sai ya fito ƙarami. Ki tura kowane sabon ido ya hau jikin tsinken mai kauri, nan ne ma'auninsa. Sannan ki daina jan zare bayan kowane ido kamar mai ɗaure buhu. In layin ɗorawa ne ya yi tsauri, ki ɗora da tsinken da ya fi girma da lamba ɗaya, sannan ki ci gaba da na aikin.

Naɗewa kuwa ba laifinki ba ne. Duk saƙar da ake yin layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, haka halinta yake, ko a hannun wa. Ana tare ta ne da baki: ko ido huɗu na kowane gefe a riƙa yi musu saƙar gaba zalla, ko a fara da saƙar roba, wato ido ɗaya gaba, ido ɗaya baya. Kada ki ce za ki miƙar da ita da dutsen guga. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, zafi yana kashe shi ya saki, wani ma ya narke.

Malama Hadiza:
In hannunki ya faɗa, ga lissafin hular sabon haihuwa da tsinke biyu. Kan jariri yakan kai santimita 33 zuwa 35, ana yin hular ta ɗan gaza haka domin ta kama. Ƙulli ɗaya mai giram 50 ya isa.

Ki fara saƙa ɗan gwaji ki auna. In ido 22 ya ba ki santimita 10, ki ɗora 66. Biyu daga ciki, ɗaya a kowane gefe, na ɗinki ne. Ki yi roba santimita 3, in da hali da tsinke 3.5 don bakin ya kama. Ki koma tsinke 4, layi gaba layi baya, har tsawon ya kai santimita 9 daga baki.

Sai ragewa, a layin gaba kaɗai. Ki saƙa ido ɗaya na gefe, sannan shida, ki haɗa biyu ki saƙa su a matsayin ɗaya, ki maimaita sau takwas, ki rufe da na gefe. Saura 58. Layin baya ki saƙa shi yadda yake. Layin gaba na biye biyar da haɗi, saura 50. Haka za ki yi ta sauka, 42, 34, 26, 18, har 10. Ki yanke zare ki bar kamar santimita 40, ki sa a allura mai dakusasshen baki, ki bi ta cikin idanun goman, ki ja su tsuke, ki ɗinke bayan da sauran zaren. In gwajinki ya ba da ido 20 maimakon 22, ki ɗora 58, ragewar ta fara da biyar da haɗi.

Ummu Sadik:
Ƙari a kan na Malama: ban da igiyar ɗaurewa a wuya, ban da duwatsun ado ko maɓalli, yaro yana iya tsinkewa ya kai baki. In ɗaki da ɗumi a cire masa hular lokacin barci. Wanki kuma da ruwan sanyi, a matse cikin tawul ba murɗawa, a shimfiɗa ta ta bushe a inuwa. In aka rataye ta a igiya, nauyin ruwan zai ja ta ta zama ta ɗan shekara biyu.

Maman Ilham:
Allah Ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan nemo ulu mai haske da tsinke 4 in fara da ido ashirin ɗin. Anti Rabi, wanda na riga na saƙa in warware in sake amfani da zaren ko ya lalace?

Anti Rabi:
Warware abinki ki naɗe shi sako-sako. Zai yi 'yar lanƙwasa, ba ta hana saƙa. Inda tsinke ya tsattsage shi ne kawai za ki yanke ki zubar.