Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: wace ce kazar?

Ɗan Akawu: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taya ni warware wata magana. A taron ma'aikata na makon nan manajanmu ya daɗe yana zuba: za mu "yi tunani a wajen akwati", za a "daidaita girman kamfani", a samar da "sinaji" tsakanin sassa, kuma wai mu duka "iyali ɗaya" ne. Da ya dasa aya, sai wani dattijo cikinmu ya ce, ranka ya daɗe, a taƙaice me za mu yi ranar Litinin? Manaja ya yi murmushi ya ce ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Dattijo ya ce ƙwarai kuwa, shi ya sa tun ɗazu muke ganin kana ta tura shi ya ƙi shiga. Taro ya watse da hayaniya. Ni abin ya ƙona min rai, don tambayar ta mu duka ce kuma ba a amsa ta ba. Wa ya ajiye karin maganar a muhallinta?

Malamin Aji Shida: Wa alaikumus salam. Yadda muka taso muka ji, ana faɗarta ne idan abu ya fi ƙarfin mutum a fili, har ba a buƙatar gwaji. Ta nan manaja ya fi kusa. Sai dai dattijon bai ce zai ɗauki kaya ba, cewa ya yi a nuna masa kayan.

Uwar Biyu: Malam, ban yarda ba. Don doki aka ƙera linzami. Mene ne laifin kaza? Ni a wurina maganar tana dukan wanda ya ɗauko linzami ya nufi akurki ne.

Mai Gyaran Inji: Kada dai mu yi kuɗin goro. Kowace sana'a da kalmominta. Idan na ce maka kabireta ce ta toshe, ka ce ba ka gane ba, zan buɗe in ɗora yatsanka a kanta. Ku ce manajan ya ɗora yatsa a kan sinaji mu gani.

Mai Lissafi: Su kansu masu harshen sun gaji. A 2009 ƙungiyar ƙananan hukumomin Ingila ta fitar da jerin kalmomi 200 ta ce ma'aikata su daina amfani da su, sinajin nan yana ciki. A 2010 Amurka ta yi doka sukutum da ta wajabta wa ma'aikatun tarayya rubuta wa jama'a takardu da harshen da za su fahimta. Warren Buffett, attajirin ɗan kasuwar Amurka, da duk dukiyarsa, ya ce idan zai rubuta rahoton shekara ga masu hannun jari yakan ɗauka da 'yan uwansa mata yake magana, masu hankali ne amma ba harkar kuɗi suka karanta ba. To wanne manaja ne ya fi shi sanin kasuwa?

Gagarabadau: A yi irin dokar nan ta hau kan 'yan siyasa, wallahi rabinsu sai sun koma magana da hannu. Wanda na zaɓa shekara nawa yana "samar da kyakkyawan yanayi". Romon dimokuraɗiyya kuwa ko tururinsa ban gani ba.

'Yar Kaka: Kun tuna min da kakata, Allah Ya jiƙanta. Kawuna ya dawo daga aiki wata rana da tsakar rana, da takarda a hannu, ya zauna bai ce uffan ba. Ta ce ya karanta mata. Ya fassara: an sake fasalin kamfani, kujerarsa ta zama rara, ana gode masa, kuma an ba shi damar neman sabbin damammaki. Ta ce gobe za ka je aiki? Ya ce a'a. Ta ce ƙarshen wata za su biya ka? Ya ce a'a. Ta ce to ɗan nan korarka aka yi, ka faɗa da bakinka ka huta. Sai ya fashe da kuka, mutum mai 'ya'ya huɗu. Tun daga ofis yake riƙe da kukan, don takardar ba ta ba shi abin da zai yi kuka a kai ba.

Da ya natsu ta ce wa ya kore ka? Ya ce kamfani. Ta ce kamfani yana da hannu ne? Ta karɓi takardar ta juya ta, ba ta iya karatu ba, ta sa yatsa a ƙasa inda aka yi sa hannu, ta ce wannan dai mutum ne. Ka koma wurinsa ya dube ka ya faɗa maka da harshen da ya sha a nono.

Uwar Biyu: Allah Ya kai rahama kabarinta. Ya koma?

'Yar Kaka: Ya koma, Yaya. Mutumin ya kasa haɗa ido da shi, sai maimaita abin da ke takardar yake yi. Kawu ya dawo yana huci, ya ce kotu zai kai su. A nan ne ta ce masa ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, ya karɓi haƙƙinsa na sallama ya bar su da Allah.

Malamin Aji Shida: Kun ji ko? Yadda na faɗa tsohuwa ta yi amfani da ita.

Mai Lissafi: Ni nan ne na rabu da Hajiya, Allah Ya gafarta mata. Da ya gwada. Sau da yawa masu irin wannan takarda sun fi kowa tsoron alƙali, don a gabansa dole su ce kora ce ko ba kora ba ce. Ana jera kalmomin ne don kada a kama kowa da laifi: an sake, an rage, an daidaita. Waye "an"?

Ɗan Akawu: Abin da ke cin raina ke nan. "Daidaita girman kamfani" da aka faɗa mana, kowa ya koma gida yana lissafin ko shi ne za a daidaita.

Gagarabadau: "An" ɗin nan ai shi ne ya cinye kuɗin titinmu. Ranar zaɓe kuma sai ka ji "ni na yi".

Mai Gyaran Inji: Gagarabadau, kai ko maganar aure ake sai ka kawo zaɓe. Ni kuma a bakin mahaifina "ya fi bakin kaza" nake ji, babu "ƙarfi". Idan haka ne girma ake nufi, ba ƙarfi ba, kuma Uwar Biyu ta yi gaskiya.

Malamin Aji Shida: Duka biyun ana faɗa, kuma ba su canza komai ba.

Uwar Biyu: Sun canza mana, Malam. 'Yar Kaka, bar su su yi ta yi. Shi kawun naki ya samu wani aikin daga baya? Kuma me tsohuwa ta ce da matarsa ta zo?