Rauta ta haɗu, amma babu intanet

Ɗan Barnawa: Assalamu alaikum. Akwatin kamfanin intanet yana falo, an ja waya zuwa sabuwar rauta (na'urar raba intanet) a ɗakin baya. Wayar hannu tana kama Wi-Fi, amma shafi ba ya buɗewa. Ina matsalar take?

Injiniya Kawo: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara duba inda ka soka wayar: ramin WAN (inda intanet ke shigowa) za ta shiga, ba LAN (na na'urorin cikin gida) ba. In wannan daidai ne, to galibi adireshin IP, wato lambar na'ura a netwok, ne ya yi karo. Akwatin yana kan 192.168.1.1, rautar ma haka, sai ta rasa ina ne ciki, ina ne waje. Cire wayar WAN tukuna, ka shiga saitin rautar, ka mayar da adireshin LAN zuwa 192.168.2.1, DHCP (mai raba wa na'urori adireshi) kuma ya riƙa rabawa daga 192.168.2.100 zuwa 192.168.2.199. Ajiye, ka kashe ta ka kunna, sannan ka mayar da wayar. Nau'in WAN ka bar shi a Dynamic IP, wato rautar ta karɓi adireshi da kanta daga akwatin. PPPoE sai in kamfani ya ba ka suna da kalmar sirri.

Maman Yusra: Gaskiya ne, Injiniya. Amma in faɗaɗa Wi-Fi kawai yake so, ya sa rautar a Access Point (wato ta zama mai watsa Wi-Fi kawai), ya kashe DHCP ɗinta. Haka firinta da wayoyin gidan za su ga juna.

Malam Tudun Wada: A unguwa mai cunkoso, zaɓi tasha 1, 6 ko 11 a 2.4GHz. Sa WPA2 (tsarin kulle Wi-Fi), kashe WPS (haɗawa da maɓalli ko PIN), canza kalmar sirrin admin.