Zubar jini bayan haihuwa: sabon magani aka samo, ko me ya canza?

Maman Khalifa, Agege

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure. Ana maganar wani bincike da aka yi a asibitoci, har da na Najeriya, wai ya rage zubar jini mai tsanani bayan haihuwa da kashi 60 cikin 100. Sabon magani ne? In magani ne, ana iya sayensa a kemis a ajiye? Har yanzu akwai matanmu a Agege da Mile 12 da Alaba Rago da ke haihuwa a ɗaki, in jini ya ɓalle sai tsofaffi su ce ƙazanta ce, a bari ta fita. Ina so in san abin da zan faɗa wa mata a makarantar Islamiyya.

Sista Ungozoma, Idi-Araba

Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Babu sabon magani a ciki. Sunan binciken E-MOTIVE, an fitar da sakamakonsa a 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000 da suka haihu da kansu, ba ta tiyata ba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta ja ragamar ɓangaren Najeriya.

Abu biyu aka gyara. Na farko shi ne awo. Ƙa'ida ita ce, in mace ta zubar da mililita 500 cikin awa 24 da haihuwa, jinin ya wuce kima. Mililita 500 kuwa ledar fiya-wata guda ce, ba ta fi haka ba. Matsalar ita ce ido ba ya iya ƙiyasta shi: zani ya sha, katifa ta sha, wani ya kwarara ƙasa ya gauraya da ruwan faya. Sai aka kawo wata leda mai mazurari da ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashi da zarar jariri ya fito, jikinta da layukan awo. Ana duba ta duk minti 15 a awar farko, tare da bugun zuciya da awon jini da taurin mahaifa. In jini ya kai layin 500, a tashi tsaye. In ya kai 300 kuma ga wata alama, kamar bugun zuciya ya yi sauri ko awon jini ya faɗi, shi ma ba a jira. A asibitocin da suka ci gaba da tsohon tsari, kusan rabin masu zubar jini ne kawai aka gano. Inda aka yi amfani da ledar, an gano fiye da kashi 90.

Na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan abin: an daina bi ɗaya bayan ɗaya. A da sai a yi allura a jira a gani, in ba ta yi ba a gwada wani abu, mace kuwa tana ta zuba. A ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a minti ɗaya, don haka jiran nan shi ke kisa. Yanzu cikin minti 15 ake haɗa komai: a murza mahaifa ta saman ciki har ta yi tauri, a ba da oksitosin, allurar da ke tsuke mahaifa, a ba da taranekzamik asid, maganin da ke hana jinin da ya daskare narkewa, giram 1 ta jijiya a hankali cikin minti 10, a ɗaura ruwa, a duba ko ta ƙaru ko guntun mabiyiya ya maƙale, in bai tsaya ba a kira babban likita nan take. Kayan duka a tire ɗaya ko akwati ɗaya, kusa da gado, ba a kabad ɗin da mai makullinsa ya tafi salla ba.

Kashi 60 ɗin nan kuma a fahimce shi daidai. An haɗa abu uku aka ƙirga: zubar lita ɗaya ko fiye, tiyatar buɗe ciki saboda jini, da mutuwa ta dalilin jini. Sun sauko daga kashi 4.3 zuwa 1.6. Ba mace-mace kaɗai aka ce sun ragu da 60 ba.

Malam Mai Harhaɗa Magani, Obalende

Sista ta gama magana a kan binciken. Ni batun saye a ajiye ne ya tsaya min a rai. Hajiya, don Allah ki hana su.

Oksitosin allura ce da ba ta jure zafi. Wurinta firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ki duba yadda wuta take a unguwanninmu, ki duba kwalin da ya yini a bayan mota cikin cunkoso. Kwalbar ba ta canza launi, ba ta wari, amma ƙarfinta ya ragu, sai a yi wa mace ita mahaifa ta ƙi tsukewa. Wannan ne ya sa aka gwada kabetosin mai jure zafi a ƙasashe 10, har da Najeriya, sakamakon ya fito a 2018 cewa wajen riga-kafin zubar jini yana aiki kamar oksitosin. Na riga-kafi ne, ana yin sa sau ɗaya bayan haihuwa.

Misoprostol ƙwaya ce, ba ta son firij, amma tana son ta zauna a cikin takardarta ta gwangwani, don danshi yana lalata ta, Legas kuwa ba a rabata da danshi. Inda babu allura, ana ba da maikurogiram 600 a haɗiya bayan jariri ya fito, don riga-kafi, ko 800 a ƙarƙashin harshe in jinin ya riga ya ɓalle. Rawar sanyi da zazzaɓi sukan biyo baya, sukan wuce. Haɗarin yana nan: in aka sha ta da jariri a ciki, wai don naƙuda ta yi sauri, tana iya fasa mahaifa ta kashe uwa da ɗa. Haka in tagwaye ne ba a sani ba, aka ba da bayan na farko. Wadda ba ta yi hoton ciki ba, wa ya tabbatar mata ɗaya ne? Ita ma allurar oksitosin da wasu ke yi a gida don tayar da naƙuda, hukuncinsu ɗaya. Agometirin kuma, wata allurar tsuke mahaifa, ba a yi wa mai hawan jini, yana iya jefa ta cikin jijjiga.

Likitan Mata, Ikeja

Na yarda da su duka, sai dai ina ganin Malama za ta fi amfanar ɗalibanta in ta koma baya, tun daga awon ciki. Macen da ta shiga ɗakin haihuwa da jini 12 a gwajin yawan jini (himogulobin) za ta iya jure abin da mai jini 7 ba za ta jure ba. Ƙasa da 11 ƙarancin jini ne ga mai ciki, ƙasa da 7 ya yi tsanani. Kowace mai ciki ta tambayi lambarta, ta riƙe.

Mutane sun ɗauka taranekzamik zai rufe wannan giɓi. Ga abin da aka gano. Binciken WOMAN na 2017, a kan mata kusan 20,000, ya nuna in aka yi allurar cikin awa 3 da haihuwa ga wadda ke zubar jini, mutuwa ta dalilin zubar jini ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk jinkirin minti 15 yana zaftare amfaninta, bayan awa 3 kuma ba ta da fa'ida. Amma da aka gwada ba da ita a matsayin riga-kafi ga mata masu ƙarancin jini a Najeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya, sakamakon 2024 ya nuna ba ta hana zubar jinin ba. Ke nan ƙarancin jini sai an gyara shi tun ciki yana ƙarami.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne: ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum, maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku, da kwana a gidan sauro. Ƙwayar takan sa tashin zuciya da baƙin bayan gida, shi ya sa mata ke jefar da ita. A gaya musu baƙin ba cuta ba ne, in ta dame su su sha da dare. Kuma kada a kora ta da shayi, shayi yana hana jiki tsotse ta. A nan Legas da Kano an yi wani bincike ƙarƙashin Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas, aka kwatanta ƙwaya da sinadarin ƙarfe da ake sa wa a jijiya zama ɗaya. Na jijiya ya fi cike ƙarancin sinadarin, amma yawan masu ƙarancin jini a mako na 36 bai bambanta sosai ba. Dalilan ƙarancin jini a wurinmu sun fi ɗaya, akwai zazzaɓi, akwai sikila, akwai haihuwa kusa-kusa.

Maza kuma a shigo da su. Tun wata na bakwai a san asibitin da za a je, a san rukunin jininta, a san wa zai ba da jini, a san mai motar da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko ta taɓa zubar jini, ko mai tagwaye, ko wadda ta haihu biyar zuwa sama, ta nufi babban asibiti mai jini da ɗakin tiyata kai tsaye. Sai dai a sani, da yawa daga masu zubar jinin ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Maman Khalifa, Agege

Allah Ya saka da alheri. To in haihuwa ta zo a ɗaki ba shiri, me na kusa da ita za su yi kafin a kai ta?

Sista Ungozoma, Idi-Araba

A fara neman mota tun kafin a ga matsala, ko a kira lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767. Alamomin da ba a tsayawa shawara: kunzugu biyu ko uku sun jiƙe sharkaf cikin minti 20 zuwa 30, jini yana ƙaruwa maimakon raguwa, guda-guda suna faɗowa, mabiyiya ba ta fito ba bayan minti 30, ko mai jego tana jiri, tana gumi mai sanyi, tana neman ruwa, tana hamma. Wanda ke ɗiga a hankali ba tsayawa shi ma yana kisa, kuma shi ne aka fi rainawa.

A sa tafin hannu ƙasan cibiya a murza da ƙarfi, a zagaye, har a ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri. Da zafi, za ta ture hannun, a ba ta haƙuri a ci gaba, har a cikin mota, domin in aka saki takan sake yin laushi. Ta yi fitsari, cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa tsukewa. A sa jariri a nono. A kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta, a lulluɓe ta. Kada a ja cibiya, kada a cusa tsumma ko wani magani a gabanta, kada a ɗura mata kunu ko jiƙo, wataƙila tiyata za a shiga. Wankan ruwan zafi a ɗage shi.

Zannuwan da suka jiƙe a zuba su a leda a tafi da su, da mabiyiyar in ta fito, don mu ga yawan jinin kuma mu duba ko ta fito cikakkiya. A riƙe lokacin da jariri ya faɗo, saboda awa ukun da Likita ya ambata daga nan ake ƙirgawa. Wadda ta haihu a asibiti kuma ta cika awa 24 kafin ta nemi sallama. In ta koma gida jini ya dawo da yawa, ko yana wari da zazzaɓi, ko da bayan suna ne, ta dawo a ranar.